Abin da Aikin Tafinta Ya Koya Mini Game da Haƙƙin Yara Masu Buƙata ta Musamman a Makarantun Amurka

A Amurka, makarantun gwamnati suna ƙarƙashin hukumomin gundumomi ne, kuma dokar tarayya ta ɗora wa kowace hukuma nauyin ilmantar da duk yaro mai naƙasa kyauta, ta hanyar da ta dace da halinsa. Shugaba Gerald Ford ne ya sa wa dokar hannu a 1975, lokacin da majalisar dokoki ta gano cewa yara fiye da miliyan ɗaya ba sa zuwa makaranta sam saboda naƙasa, sannan a 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA. Na san wannan doka ne ta hanyar aikin tafinta, domin ta wajabta wa hukuma ta tabbatar iyaye sun fahimci abin da ake tattaunawa a kan ɗansu, shi ya sa ake kirana idan iyayen Hausawa ne daga Nijar, Ghana ko Najeriya.

Babban abin da na koya shi ne cewa yawancin iyayenmu suna shiga taron makaranta kamar masu neman alfarma, alhali kuwa haƙƙi suka zo karɓa. Na sha ganin uba ya zauna a gefen kujera, ya saurari malamai da ladabi, sannan ya ce, "Duk abin da kuka ga ya dace, mun gode," yana miƙa hannu ga alƙalami tun ban gama fassara shafin farko ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma a irin wannan zama tana iya cutar da yaro, domin doka ta ɗauki uba da uwa a matsayin cikakkun 'yan kwamitin da ke rubuta tsarin karatunsa, wanda ake kira IEP. Suna da ikon su ƙi amincewa, su nemi wani ƙwararre daga waje ya sake auna yaron, ko su kai ƙara gaban mai sauraron ƙorafi wanda ba ma'aikacin hukumar ba ne.

Daga nan na fahimci nauyin abin da aka rubuta. Malama tana iya yin alkawari da zuciya ɗaya cewa za a taimaka wa yaro da magana, amma abin da ke ɗaure hukuma shi ne layin da ya ce za a kai shi wurin mai gyaran magana na minti 30 sau biyu a mako. Idan wannan layi ya shiga takarda, ko an sauya malama ko shugaban makaranta, wajibi ne a cika shi, kuma dole a sake duba takardar aƙalla sau ɗaya a shekara. Saboda haka nake fassara lambobin nan a hankali, ina maimaita su, har sai na ga uwa ta gyaɗa kai ta yi tambaya.

Nauyin gano yaran ma yana kan hukuma, ko da iyaye ba su kawo kuka ba. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, tunda kunya da tsoron bakin mutane suna sa wasu su ɓoye yaro mai galahanga a ɗaki.

Kotun Ƙoli ce ta fayyace iyakar wannan nauyi, kuma ba kullum ta goyi bayan iyaye ba. A 1982 ta yanke cewa ba dole ba ne makaranta ta ba Amy Rowley, yarinya kurma, mai fassara da maganar hannu, tunda tana cin jarrabawarta. Wasu kotuna sun ɗauki wannan hukunci a matsayin izinin wadatuwa da ɗan ci gaba kaɗan, har sai 2017, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Endrew, wani yaro mai galahanga a jihar Colorado, wanda iyayensa suka yi ƙorafin cewa kusan tsari ɗaya ake maimaita masa kowace shekara. Alƙalan baki ɗaya suka ce dole tsarin ya kasance wanda zai kai yaro ga ci gaban da ya dace da yanayinsa. A ganina wannan hukunci shi ne makamin da ya fi amfani ga iyaye, domin yana ba su damar ɗora takardar bara kusa da ta bana su tambayi abin da ya canza.

Uzurin da na fi ji daga jami'ai shi ne rashin kuɗi, kuma ba ƙarya suke yi ba, domin gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika alkawarinta na biyan kashi 40 cikin 100 na ƙarin kuɗin ilmantar da waɗannan yara ba. Sai dai a 1999, a shari'ar Garret, ɗalibi a jihar Iowa da ke numfashi da na'ura, kotun ta tilasta wa gundumar Cedar Rapids ta biya mai jinyar da zai kula da shi a lokacin karatu, ta kuma ƙi karɓar tsada a matsayin hujja. Saboda haka idan jami'i ya ce babu kuɗi, ina fassara maganarsa daidai yadda ya faɗe ta, amma na riga na tabbatar an karanta wa iyayen takardar haƙƙoƙinsu da Hausa kafin a fara zaman.