Gudun Taswira: Kada Ƙafa Ta Riga Ido

A gasar gudun taswira, wadda a waje ake kira oriyantiyarin, ba a miƙa wa ɗan wasa taswirarsa sai lokacin tashinsa ya yi. Yana ɗaukar ta agogo ya fara ƙirga. A kanta zai ga alama mai kusurwa uku, nan ne mafara, sai da'irori masu lamba da aka haɗa da miƙaƙƙen layi, sai da'ira biyu ɗaya cikin ɗaya, nan ne ƙarshe. A tsakiyar kowace da'ira, can a ƙasa, an kafa tuta mai fari da ruwan goro, faɗinta santimita 30. Aikinsa ya bi tutocin nan a jere, da kamfas (na'ura mai allura da ke nuna arewa) da taswira kaɗai. Hanyar da zai bi tsakanin tuta da tuta kuwa, wannan ya rage nasa.

Wasan ya samo asali daga horon sojoji a Suwidin, an yi gasar farar hula ta farko a Norwe a 1897, aka kafa hukumarsa ta duniya a 1961, sannan aka yi gasar duniya ta farko a Finland a 1966. Manyan nau'o'insa uku ne: gajere na cikin gari da ake cinyewa cikin minti 12 zuwa 15, matsakaici na minti 30 zuwa 35, da dogo na kusan awa ɗaya da rabi. Simone Niggli ta Suwizalan ta ci zinare 23 a gasar duniya, Thierry Gueorgiou na Faransa ya ci 14. Dukansu suna da ƙafa, amma abin da ya ɗaga su sama da tsararsu shi ne ƙarancin kuskure alhali suna cikin gudu sosai.

Darasin da ya fi kowanne tsada lissafi ne mai sauƙi. A taswira mai ma'aunin 1:10,000, santimita ɗaya mita 100 ne a ƙasa. Wanda yake cin kilomita cikin minti 5 yana share mita 200 a minti guda. Ke nan idan ya ɗauke ido daga takarda na daƙiƙa 30, ya wuce santimita guda bai san abin da ke cikinta ba, kuma a cikin wannan santimitar ana iya samun kwari biyu da mararrabar hanya. Shi ya sa ƙwararru ke naɗe taswira ta koma kamar tafin hannu, su ɗora babban yatsa daidai inda suke, suna matsar da shi duk lokacin da suka wuce wata alama. Ana kuma riƙe ta ne arewarta na fuskantar arewar da kamfas ya nuna a kowane lokaci. In ka juya, jikinka ne ke zagaya taswira, ita tana nan yadda take. Wanda bai saba da wannan ba, wata rana zai fita daga tuta ya miƙe kudu yana zaton arewa ya nufa, kuma ba zai farga ba sai ya yi nisa.

Shirin kowane zango, wato tafiya daga tuta zuwa tuta, daga ƙarshe ake fara shi. Ka fara duba tutar: a kan me take? Gindin dutse ne, ko lanƙwasar rafi, ko bakin rami? Sai ka nemi wata babbar alama da ba za ta ɓace maka ba, kusa da ita, mita 100 zuwa 150, kamar mararraba ko kusurwar shinge. Zuwa wannan alamar ana gudu da ƙarfi, daga ita zuwa tuta kuma a rage, a bi kamfas a tsanake. Sannan ka duba me ke bayan tutar wanda zai tare ka in ka zarce. In hanyar mota ce mita 80 a baya, to da ka taka ta ka san ka wuce, ka juyo.

Akwai dabarar da sabon shiga kan ƙi yarda da ita, wato karkata da gangan. A ce tutar tana inda ƙaramin kwari ya haɗu da busasshen rafi, irin waɗanda suka cika karkarar Katsina da Daura da rani, kai kuma kana mita 400 daga wurin. Kuskuren digiri 5 kacal a kamfas, wanda ba komai ba ne ga mai gudu yana haki, zai kauce da kai kusan mita 35. Ka iso rafin ba ka ga tuta ba: dama za ka yi ko hagu? Nan ake zubar da minti biyu. Amma da tun farko ka nufi gefen hagu da saninka, kana isa yashin ka san dama za ka bi. Ka ƙara 'yan mitoci, ka kawar da shakka.

Kamfas ɗin kansa yana da sharaɗi. Wanda ake ɗaurawa a babban yatsa ya fi dacewa da gasa, domin yana zaune kan taswira, ido ɗaya ya isa duka biyun. Sai an riƙe shi a kwance, a ba allurar daƙiƙa ɗaya ko biyu ta tsaya. Waya a aljihun gaba, ƙofar ƙarfe, ko tsayuwa jikin mota duk suna jan allura. Wani abin da ya shafe mu musamman: masu ƙera kamfas suna daidaita nauyin allura gwargwadon yankin duniya. Wanda aka yi domin arewacin Turai yana iya karkata a nan, allurar ta riƙa gogar gidanta tana jinkiri. Mai saye ya nemi na yankin tsakiyar duniya, ko wanda aka yi don ko'ina.

Ƙirgen taku kuma kowa da nasa. A auna mita 100 a filin ƙwallo, a gudu, a ƙirga sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa. Yawancin manya kan samu tsakanin 35 da 45. A maimaita a cikin yashi, a kan kunyoyin gona, da wajen hawa, domin lambar tana ƙaruwa sosai, kuma wanda ya riƙe ta fili kaɗai zai riƙa tsayawa kafin ya kai.

Ɓata kuwa ba makawa, har zakaru suna yi. Mafi muni shi ne na alamu masu kama da juna: kwari biyu a jere, ka shiga na farko kana zaton na biyu ne, sai zuciya ta fara tilasta wa ƙasa ta dace da takarda. Ka ga kuka inda ba a zana itace ba, ka ce mai zane ne ya manta. Da zarar abu biyu sun saɓa, tsaya cak. Daidaita taswira da kamfas, tuna wuri na ƙarshe da ka tabbatar, ka kimanta nisan da ka yi daga can. In daƙiƙa 30 sun wuce ba ka gane ba, fita zuwa babbar alama mafi kusa ka sake shigowa. Zagaye-zagaye da fatan tuta za ta bayyana shi ke mayar da asarar minti ɗaya ta zama goma. In ka iso kuma, duba lambar da ke jikin tutar kafin ka buga na'urar da ke yatsanka, wadda ke shaida cewa ka iso tutar. Masu shirya gasa kan kafa wata tutar kusa, kuma wanda ya buga wadda ba tasa ba, ko ya tsallake ɗaya, an cire shi gaba ɗaya komai saurinsa.

Ƙasarmu tana koyar da wasu abubuwa, tana hana wasu. Shimfiɗaɗɗen filin da ke kewaye da Katsina da Daura, bayan an cire amfanin gona, makaranta ce ta kamfas da taku. Amma ba ya koyar da layukan tudu, waɗannan masu ruwan ƙasa da kowannensu yake nuna hawan mita 5, kuma su ne ƙashin bayan gasar Turai. Mai son kaiwa wannan matsayi sai ya nemi duwatsu irin na wajen Dutsin-ma, ya zauna da taswirar da aka cire mata hanyoyi da gidaje, sai tudu da kwari kawai. A ganina babu atisayen da ya kai wannan amfani. Ya kuma saba da launuka, domin suna yaudarar ɗan nan: fari a taswirar wasan daji ne mai sauƙin gudu, rawaya shi ne fili, kore kuma sarƙaƙiya. Lungunan tsohon birnin Katsina, daga Ƙofar Soro zuwa wajen Gobarau, sun dace da gajeren nau'i mai ma'aunin 1:4,000, inda tambayar ita ce wane lungu ne ke ɓullewa, wane ne ya toshe. Ana iya zana irin wannan taswira da manhajar OpenOrienteering Mapper, kyauta ce. Sai dai a fara gaida mai unguwa ko dagaci a yi masa bayani, a yi da sassafe kafin yara da babura su cika hanya, kada a taka shuka da damina, dazukan da ba su da tsaro kuma a bar su baki ɗaya.

Horon jiki a yi mafi yawansa a wajen hanya, domin idon sawu da gwiwa su saba da rami da ƙaya. Dogon wando da safa mai kauri suna rage wahalar ƙarangiya, a kuma lura da kububuwa a gindin duwatsu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba ne lokacin fita. Atisayen da ya fi kama da gasa shi ne tutoci 3 ko 4 a gudu mai tsanani, hutun minti 2, a sake har sau 5 ko 6, saboda kuskure yakan zo ne lokacin da numfashi ya ɗauke, kuma a wannan halin ake son kai ya saba da karatun taswira. Bayan kowace fita a ɗauki jan biro a zana ainihin hanyar da aka bi, a kwatanta lokacin kowane zango da na abokan atisaye, a rubuta daƙiƙa nawa suka zube da dalilinsu: kamfas ne, gaggawar barin tuta ce, ko bin bayan wani. Bayan fita goma za a ga dalili ɗaya ko biyu ne ke ta dawowa, kuma a kansu ake tsara atisayen wata mai zuwa.