Rajistar kwamfuta daban, ta lasisi daban

A kamfanin da nake aiki a Kaduna, ni aka ɗora wa alhakin sanin kowace na'ura da muka mallaka. Na fara da abin da ido ke gani: kwamfutocin tebur, na tafi-da-gidanka, firintoci, na'urorin rarraba intanet da babbar kwamfutar da muke kira saba. Kowacce na manna mata lamba, na rubuta ranar saye, ranar ƙarewar garanti da sunan wanda ke riƙe da ita. Da farko a Excel, daga baya muka koma manhajar rajistar kaya ta Snipe-IT, wadda kyauta ce. Masu sana'ar suna kiran wannan ITAM, wato bin kadarar fasaha tun daga sayenta har ranar rabuwa da ita. Akwai yawo ofis-ofis da leƙen ƙarƙashin tebura, amma babu ruɗani. Na'ura ko tana nan ko ba ta nan.

Da muka zo kan manhajoji sai abin ya canza salo. Na sa OCS Inventory ta leƙa dukan kwamfutocin ta kawo jerin abin da aka saka a cikinsu. Na kai wa akantanmu jerin, ya duba ya ce, "Malam, wannan abin da ke ciki ne. Ina shaidar cewa muna da izinin amfani da su?" Tambayarsa ita ce tushen SAM, wato bin manhajoji da lasisinsu. Kwamfuta taka ce, ka saya ka biya. Manhaja kuwa izinin amfani kawai aka sayar maka, kamar gidan haya: kana ciki, amma da sharuɗɗan mai gida.

Sharuɗɗan nan su suka fi cin lokacina, domin kowane kamfani da irin ƙirgensa. Windows ɗin da ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta a ɗaure yake da ita. In ta mutu, lasisin ya bi ta, ba a mayar da shi kan sabuwa. Microsoft 365 kuma mutum ake ƙirgawa, kuma a tsare-tsaren da suka haɗa da Office na tebur ma'aikaci ɗaya na iya saka shi a kwamfuta har 5. Windows Server tun daga na 2016 ƙwayoyin firosesa (sassan da ke yin lissafi a cikin kwamfuta) ake lissafawa, mafi ƙaranci 16 ga kowace saba. A Janairun 2023 kamfanin Oracle ya mayar da kuɗin manhajarsa ta Java SE bisa yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, ko da 'yan kaɗan ne ke amfani da ita. Ka ga ba jikin na'ura ake duba wannan ba. Sai an zauna da rasit, da takardar yarjejeniya, da jerin ma'aikata daga sashen kula da su.

Asara ta fuska biyu take zuwa. In abin da aka saka ya fi abin da aka saya, ranar da mai manhaja ya turo masu bincike za a biya. In kuma an saya fiye da buƙata, kuɗi na zuba a banza. Mu ta biyun ce ta fi damunmu: mun tarar ana biyan kuɗin wata-wata na mutanen da suka daɗe da barin aiki. Sun dawo da kwamfutocinsu sito, rajistata ta nuna komai daidai, amma asusunsu na nan a buɗe. Bayan da darajar naira ta faɗi a 2023, duk abin da farashinsa ke bin dala ya zama abin da ba a yi masa sakaci, kuma wannan ɓarnar ta yi mini ciwo ƙwarai.

A ƙa'ida SAM reshe ne na ITAM. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO/IEC 19770-1 ya fito a 2006 yana magana kan manhaja kaɗai, sai bugun 2017 ya faɗaɗa shi ya haɗa dukan kadarorin fasaha. Na yarda da wannan haɗin, amma ban yarda a ɗauka cewa duk wanda ya iya ɗaya ya iya ɗayan ba. Bin na'urori aikin mai sito ne, bin lasisi ya fi kusa da na akanta da lauya.

Inda rajistocin biyu suka haɗu mana shi ne ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Rajistar manhaja ta nuna waɗanda ke kan Windows 10, ta na'urori ta nuna waɗanda ba su da sashen tsaro na TPM 2.0, don haka ba za su ɗauki Windows 11 ba. Da su biyun muka fitar da kasafin sababbin kwamfutoci. Tsofaffin kuma ba sa fita sai an goge ma'adanar bayanansu sarai, saboda dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023. Takardar sallamar ma'aikaci ma mun ƙara mata layi: bayan mai sito ya sa hannu ya karɓi na'ura, sai na sa nawa cewa na rufe asusu na karɓe lasisi.