Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Dasashin Mai Shan Sigari

Assalamu alaikum, 'yan uwa. A makon jiya mun tsaya ne a lokacin da na fara aikin wankin haƙora a nan Kaduna. Kafin mu ci gaba, dole in yi bayanin abin da wannan aiki ya fi karo da shi, wato bakin mai shan sigari.

Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami. A baki mai lafiya zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne, kuma da wani siririn ƙarfe mai zane ake aunawa. Idan ya kai 4, ciwo ya fara. Idan ya kai 6 ko fiye, ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da haƙorin ya riga ya ciwu. A cikin wannan rami ƙwayoyin cutar da suka fi ɓarna suke zama, irin su Porphyromonas gingivalis da Treponema denticola da Tannerella forsythia. Dukansu ba sa son iskar oksijin. Hayaƙin taba kuwa yana rage oksijin ɗin da ke ramin, sai su samu wurin hayayyafa. Yana kuma raunana fararen ƙwayoyin jini da ya kamata su cinye su. Shi ya sa haɗarin ciwon dasashi ga mai shan sigari ya ninka na wanda ba ya sha aƙalla sau biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ciwon ke ɓuya. Nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba, yana matse ƙananan jijiyoyin jini na dasashi. Wanda ba ya shan taba, da ya ga jini a buroshi ko a aswaki zai san akwai matsala. Mai sha ba zai gani ba. Dasashinsa ya yi fari-fari, ya yi tauri, ba jini ba zafi, alhali ƙashi na zaizayewa a ƙasa. Ɗan acaba ko direban da ke sayen kara ɗaya-ɗaya wurin mai tireda a Kawo ko Rigasa yakan zo asibiti ne sai haƙori ya fara girgiɗi, ko mugunya ta fito, ko iyali sun yi ƙorafin warin baki. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. A tsarin rarraba ciwon dasashi da likitocin haƙori suka amince da shi a taronsu na 2017, mai shan kara 10 ko fiye a rana ana sa shi cikin rukunin da ciwonsu ke saurin ci. Idan akwai ciwon suga, abin ya ƙara muni. Shisha ma, da samarinmu suka ɗauka ado ce, tana yi wa dasashi irin wannan ɓarna.

Dauɗar da ta daskare ta zama kamar dutse a gindin haƙori, buroshi ba ya cire ta, gawayi ma ba ya yi. Sai an kankare a asibiti. Bayan nan a riƙa goge baki sau biyu a rana, minti biyu-biyu, da buroshi mai laushi da makilin mai sinadarin fuloraid, a karkata buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ruwan kuskure baki na kulohezidin kada a wuce mako biyu ana amfani da shi, yana rina haƙora. Wanda aka cire wa haƙori ya haƙura da sigari aƙalla kwana uku, don zuƙar na iya fizge gudan jinin da ya toshe ramin, ƙashi ya fito fili da azabar zafi.

Wanda ya daina sha, sau da yawa dasashinsa kan fara zubar da jini a makonnin farko. Kada ya tsorata ya koma. Jini ne ya dawo yana gudana yadda ya kamata. Ya ci gaba da gogewa, ya je a duba shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun goro da tabar gargajiya da ake cusawa a leɓe.