Asabar, ranar hudar ƙasa

Ruwan shekaranjiya ya bar ƙasa da danshi daidai, ba caɓi ba ƙura, don haka yau na duƙufa kan ciyawar gaban gida. Na daɗe ina wasiwasi ko in huhhuda filin gaba ɗaya don iska ta kai ga saiwa, ko in ƙyale shi. Sai na ɗauki sukudireba na bi ina cakawa. A gefen katanga ta shige sumul har ƙota. A hanyar da yara ke bi zuwa famfo kuwa da ƙyar ta nutse gaɓar yatsa ɗaya. Nan ruwa ke kwanciya, nan kuma ciyawar ta koɗe.

Wurin da aka tattake kawai na huda. Na yi aiki da abin hudar nan mai bakin bututu, wanda ke zaro ƙasa waje kamar guntun alli, zurfin santimita 5 zuwa 8. Na fi yarda da shi a kan mai tsini zalla, domin tsini ture ƙasa gefe yake yi, ya ƙara matse bangon ramin, balle a yumɓu. Guntayen da suka fito na bar su nan, za su narke da kansu.

Na murƙushe ɗaya a tafin hannuna. Ƙasar fara-fara ce, ba ƙamshi, saiwar ta tsaya sama-sama ta ƙi sauka, tana ko ɗaya babu. Wannan ya fi taurin ƙasar tayar min da hankali, domin ramukan nan za su sake toshewa muddin ƙasar ba ta da abin da zai riƙe ta a sake.

Da la'asar na tone tarin ganye da yankakkiyar ciyawa da nake ajiyewa a lungu. Na ƙasan ya ruɓe ya yi baƙi ƙirin, tanu sai motsi suke a ciki. Na tankaɗe shi, na baza, kaurinsa bai wuce santimita 1 ba, na bi da manjagara har ya gangara cikin ramukan, kawunan ciyawa suka leƙo. In ya fi haka kauri shaƙe ta zai yi. Ɗanyen kashin dabbobi ban ko taɓa shi ba, ƙona saiwa yake yi.

Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, ka zuba yashi mana." Na yi masa godiya, amma ban ɗauka ba, don yashi kaɗan a cikin yumɓu ba ya sassauta shi, wani lokacin ma ƙara masa tauri yake yi.

Daga yanzu in na yanke ciyawa zan bar yankan a wurin ya ruɓe ya koma taki. Gobe in Allah ya kai mu zan jera wa yara duwatsun takawa zuwa famfo.