Abin da aikin lauya ya koya min game da Baba Solomon Lar

Duk wanda ya yi aikin lauya a Jos ya san ba a daɗe ana hira da manyan lauyoyi ba a ambaci Baba Lar ba, kuma ni abin da ya fi tsaya min a rai a tarihinsa shi ne komawarsa aji, ko gwamnan da ya yi bai kai wannan burge ni ba. Mutumin Langtang ne, malamin makaranta, ya ci zaɓen majalisar wakilai ta tarayya a 1959 yana saurayi, sai sojoji suka yi juyin mulki a Janairun 1966 kowa ya watse, shi kuwa ya tattara ya tafi ABU Zariya karatun lauya yana da shekara talatin da wani abu, ya zauna benci ɗaya da yaran da ya girme musu nesa ba kusa ba. Ya gama a 1970, ya zama cikakken lauya a 1971, ya buɗe ofishinsa a Jos.

Yanzu da nake ɗaukar fayil ina zaman jiran alƙali tun tara na safe, a kira shari'ata bayan azahar a ce an ɗage, na gane irin haƙurin da wannan hanya take buƙata wallahi. Mutum ya saba ana ce masa ranka ya daɗe a Legas, ya dawo yana miƙewa yana rusunawa gaban alƙali, yana bin magatakarda a buga masa hatimi. Ba kowane ɗan siyasa zai iya ba.

A ganina wannan sana'ar ce ta ba shi ƙafar tsayawa daga baya. Ya zama gwamnan Filato a 1979 a jam'iyyar NPP, lokacin Nasarawa tana cikin Filato, ya sake ci a 1983, a ƙarshen shekarar Buhari ya kifar da gwamnati, aka ɗaure shi tare da sauran gwamnoni. Ya kuma riƙe ministan harkokin 'yan sanda a zamanin Abacha, wannan kam har gobe ina ganin bai kamata ya karɓa ba. Amma a 1998 da dattawan Arewa 18 suka rubuta wa Abacha takarda cewa kada ya zarce, Baba Lar ne ya ɗauke ta ya kai, a lokacin da faɗar haka kan iya kai mutum kurkuku, Rimi da Sule Lamido ma ai an tsare su.

Ogana kullum yana ce min, Barista, maganar da ba ka rubuta ka sa hannu ba, ba ka faɗe ta ba. To takardar nan haka take, sunaye ne da sa hannu, babu wanda zai iya cewa ba da shi aka yi ba. Daga nan aka samu G34, wato ƙungiyar manyan 'yan siyasa 34 da suka ƙi tazarcen Abacha, aka kafa jam'iyyar PDP, shi ne shugabanta na farko na ƙasa.

Ya rasu a Oktoban 2013 yana da shekara 80. Abokan karatuna da yawa yanzu sun ajiye rigar lauya suna bin 'yan takara suna neman muƙamin SA, wato mataimaki na musamman, kuma duk wanda ya zo neman shawarata nakan ce ya je, amma ya ci gaba da biyan kuɗin lasisinsa duk shekara, kada kuma ya saki hayar ofis.