Mazubin da nake kwanar da kwaɓin burodi a firji

Idan zan kwanar da kwaɓi a firji, girman mazubi nake fara dubawa. Sanyin firji, digiri 3 zuwa 4, ba ya kashe yis, rage masa ƙarfi kawai yake yi. Kwaɓin da aka saka da ɗuminsa kuma yakan ɗauki awanni kafin sanyi ya ratsa tsakiyarsa, a lokacin ne yake yin yawancin tashinsa. Fulawa giram 500 da ruwa mililita 320 kwaɓinsu ba ya cika lita 1, amma kafin safiya ya ninka biyu, wani sa'in ma ya fi haka. Shi ya sa nake ba shi roba mai lita 3, fulawa kilo 1 kuwa mai lita 6. Wannan sararin yana da amfani ƙwarai a wurinmu, domin idan aka ɗauke wuta cikin dare firji ya huce, yis ya farka, ƙaramin mazubi sai dai a tarar ya yi ambaliya.

Na fi son robar abinci wadda ake ganin cikinta, mai miƙaƙƙen gefe. Ina shafa mata man gyaɗa kaɗan, in danne kwaɓin ya kwanta, sannan in yi alama daga waje daidai inda ya tsaya. Da safe ido kaɗai ya isa ya nuna min ko ya ninka. Kwano mai faɗin baki da tsukakken gindi ba ya nuna wannan daidai.

Batun marfi ne ya fi wahalar da mutane. In an bar kwaɓi a buɗe, iskar firji ta busar da samansa ya yi ɓawo, ɓawon nan kuma ba ya narkewa, sai a riƙa cin karo da shi a cikin burodi. In an datse gam, iskar da yis ke fitarwa ta taru ta ɓalle marfin. Ni dai rufewa nake yi in ɗan ɗaga kusurwa ɗaya. Kwalba mai marfin murɗawa ba na yarda da ita sam, don tana iya tsagewa.

Kwanon ƙarfe marar tsatsa yana saurin ɗaukar sanyi, yana da kyau a lokacin zafi, sai a rufe shi da leda. Na alminiyam kuwa a bar shi, tsamin kwaɓi yana cinsa har ya bar tabo mai launin toka. Robar da ta taɓa zama da daddawa, yaji ko miyar manja ma ba ta yi, domin roba tana riƙe wari, kwaɓi kuma yana sha.

Yis rabin ƙaramin cokali nake sa wa giram 500. Kwaɓin yakan yi kwana 1 zuwa 3 lafiya. Ya wuce haka sai ya yi tsami ya saki, ya daina riƙe siffa a gwangwanin gashi.