Aikin lambu a ƙarshen hunturu

Wayata ta fi yawan ƙara a watan Afrilu. Lokacin ne masu gida ke kira hankali a tashe: lemo ya kaɗe ganye, ciyawar tsakar gida ta koma harawa, gwaibar da aka saya bara ta bushe a tsaye. Nakan je in duba, amma sau da yawa abin da zan iya yi kaɗan ne, don ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da ke ceton lambu daga zafin bazara a Fabrairu ake yin sa, sa'ad da hazo ya fara janyewa, ana kwana da bargo amma da rana an soma neman inuwa.

Ina da ɗan wurin renon itatuwa da furanni a gefen Kano, ni da yara huɗu. Muna kuma kula da lambunan wasu gidaje a Nasarawa da Bompai, ana biyanmu wata-wata. Daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Maris babu mai hutu a cikinmu, saboda mun san idan Afrilu ya kama zafi kan haura digiri 40, damina kuwa a nan ba ta zama sosai sai Yuni.

Mukan fara da wanke ganye. Ka shafa yatsa a ganyen lemo a wannan lokaci, za ka ga ƙurar wata uku ta yi masa ɓawo, a ƙarƙashinsa kuma ga wasu jajayen ƙwari ƙanana kamar garin barkono, masu son bushewa da ƙura. Da sassafe muke sa tiyo mu wanke sama da ƙasa. Mangwaron da ke cikin fure ne kawai ba ma taɓawa, ba ruwa a ka, ba almakashi. Sai 'ya'yan sun kai girman ƙwayar gujiya muke ƙara masa ruwa a gindi, wannan yana rage zubewarsu. Saran reshe kuwa sai bayan an gama cin 'ya'ya.

Babban aikin yana ƙasa. Yawancin gidajen da nake shiga, maigadi ne ke ban ruwa, kullum ya watsa bokiti guda a jikin kututture. Saiwar da ke shan ruwa ba a nan take ba, tana can daidai inda inuwar rassa ta ƙare. Don haka mukan ɗauki fartanya mu faɗaɗa kwarin gindin, mu ɗaga masa baki, a riƙa cika shi sau biyu ko uku a mako ruwan ya nutse sosai. Ƙasarmu jigawa ce, yayyafin kullum saman kawai yake jiƙawa, saiwa ta biyo shi sama, ranar bazara ta same ta a nan ta dafa ta.

Bayan nan sai rufi. Ɓuntun shinkafa muke ɗaukowa daga wajen masu casa a Kura, mu haɗa da busasshen ganye, mu shimfiɗa kaurin yatsu huɗu. Mukan bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututture saboda gara. A kan wannan rufi na fi shan gardama. Wata Hajiya da nake wa aiki ta fito ta tarar mun zuba, ta ce, “Malam, shara na ce ku kwashe, ku kuma kun ƙaro mini wata?” Na ce, “Ranki ya daɗe, a ba ni kwana uku.” Da na dawo da azahar, na yaye rufin na roƙe ta ta sa hannu. Ƙasar da sanyinta, da damshinta. Taku biyu daga nan, inda aka share tas, ba ka iya tsayawa babu takalmi. Tun daga ranar ta hana a ƙona ganye a gidanta. Raina yana ɓaci ƙwarai in na ga an tara ganyen darbejiya an cinna masa wuta, alhali abincin ƙasa ne ake mayarwa hayaƙi.

Taki kuma ruɓaɓɓe muke sawa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Tun Disamba muke tara shi da kashin shanu, muna jiƙawa muna juyawa duk mako biyu. In ka tura hannu cikin tulin ba ka ji zafi ba, warin ya tafi, to ya nuna. Takin zamani nakan ajiye shi sai ruwa ya sauka.

A fangalin kayan miya, latas ya fara tsawo yana ɗaci, tumatur kuma da zarar zafi ya wuce digiri 35 furensa kan zube ba ya ɗaure 'ya'ya. Ba ma barin tsohon tumatur a tsaye. Duk wanda ya ga abin da tsutsar sharon, mai cinye tumatur, ta yi wa manoman Kadawa a 2016 ba zai bar mata wurin kwana ba. Mu tumɓuke, mu binne da zurfi, mu gyara fangali, mu shuka kuɓewa da alayyafo da yakuwa, waɗanda ba sa tsoron rana matuƙar akwai ruwa.

A wurin renonmu, yanzu ne ake cika baƙar leda da ƙasa da taki, a kafa rumfar zana, a ɗaga tsofaffin ledoji kafin saiwa ta huda ta kama ƙasa. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai wannan aiki, na 2025 ma ranar 1 ga Maris aka tashi da shi. Sai mu fito bayan sallar asuba, ƙarfe goma mu ajiye baro, mu dawo bayan la'asar.

Akwai cinikin da nake ƙi a wannan wata, yarana ma sun sha yi mini magana a kansa. Makon jiya wani Alhaji ya zo yana son mangwaro mai aure guda ashirin, zai dasa a gonarsa. Na tambaye shi ko akwai rijiya, ya ce babu, amma yaro zai riƙa kai jarka a babur. Na ce, “Alhaji, kuɗinka nake so, amma in na ba ka yau, kafin Mayu itacen girki za ka tarar.” Ya ɗan yi shiru, sannan ya zaɓi nasa da kansa. Na ɗaura wa kowanne jan ƙyalle, na mayar da su ƙarƙashin rumfa. Zai zo ya kwashe a Yuli, in ƙasa ta sha ruwa.